Kwana Uku a Elmina: Amsa ga Maigidan da Ke Son Kai Iyalinsa Bakin Teku

*"Assalamu alaikum. Ni mutumin Zariya ne, ina aiki a Abuja. A watan Nuwamba mai zuwa aurenmu zai cika shekara 10, kuma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa fita da uwargidana mu biyu kaɗai ba, in ban da zuwa gida da sallah tare da yara. Ba ta taɓa ganin teku ba. Wani abokin aikina ya ba ni labarin Elmina da Cape Coast a ƙasar Gana, ya ce tsofaffin garuruwa ne masu tarihi a bakin ruwa. Hutun da zan iya samu daga Juma'a ne zuwa Litinin. Shin wurin ya dace da ma'aurata Musulmi? Yaya zan tsara tafiyar? Ina so in yi mata ba-zata."*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya albarkaci zuri'a, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Idan na fahimce ka da kyau, abin da kake nema shi ne wuri da ku biyu za ku zauna ku yi hira ba tare da kiran ofis ko kukan yaro ba, ta ga teku, ku ga abin tarihi, sannan ku koma gida ba tare da an taɓa muku addini ko an wawushe aljihu ba. An haife ni a zangon Kumasi, kuma na shafe shekaru ina shirya wa baƙi tafiya daga Akra zuwa wannan gaɓa, mafi yawansu 'yan Nijeriya ne, don haka abin da zan faɗa maka na samo shi ne daga kai-da-kawo a kan wannan hanya. Amsata a taƙaice ita ce wurin ya dace, amma da sharaɗin ka san irin garin da za ka shiga, kuma ka yarda ku yi abu kaɗan a cikin kwanakin nan.

Irin garin da za ku shiga

Elmina da Cape Coast garuruwan ƙabilar Fante ne, tsakaninsu kimanin kilomita 12, kuma su masu garin da Edina da Oguaa suke kiransu. Abin da ya fito da sunansu a duniya shi ne manyan gidajen dutse masu ganuwa da Turawa suka gina a kan gaɓa, waɗanda a nan ake kira kasul. Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 domin cinikin zinariya, kuma ana lissafa shi a matsayin ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Turawan Holan sun ƙwace shi a 1637, suka riƙe shi har 1872 lokacin da suka miƙa wa Ingila. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin ne suka aza harsashinsa a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Ingilishi, kuma daga garin aka mulki ƙasar har 1877 da aka mayar da hedikwata Akra. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Abin da abokin aikinka mai yiwuwa bai tsaya ya bayyana maka ba shi ne, bayan zinariya sai cinikin ya koma na mutane. A ƙarƙashin waɗannan fararen gine-gine akwai ɗakunan duhu da aka riƙa cusa maza da mata a ciki, makonni ko watanni, suna jiran jirgin ruwan da zai kai su ƙetaren Atilantika. Wanda ya shiga ya shaƙi iskar wurin, ya ga ƙaramar ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa, ba ya fitowa da raha a bakinsa. Mu ma kuma ba baƙi ba ne a wannan labari, domin da yawa daga cikin waɗanda aka kawo gaɓa daga arewa aka gangaro da su, kuma kasuwar Salaga, wadda fataken goro na ƙasar Hausa suka sani kamar tafin hannunsu a kan hanyar Gwanja, kasuwar bayi ce ita ma. Ina faɗa maka wannan tun farko ne saboda duk tsarin tafiyarku a kansa ya rataya. Garin yana da fuskar makoki, yana kuma da fuskar ruwa da iska da kwalekwale masu launi, kuma gwanintar mai shirya tafiya ita ce ya san wadda zai sa gaba da irin tazarar da zai bari a tsakaninsu.

Ka kuma cire wa ranka hoton da ake gani a talla na farin yashi ba kowa. Elmina gari ne na masunta da ke aiki ba dare ba rana. Akwai ƙarnin kifi, akwai hayaƙin banda, akwai cunkoso, kuma gaɓar da ke cikin gari ba ta da tsabtar da za a shimfiɗa darduma a zauna. Kyawun yashi sai an ɗan fita yamma da gari, wajen Ankwanda da Ampenyi da Brenu Akyinim.

Maganar ba-zata

A nan zan saɓa maka, Malam, kuma ina fata za ka karɓa da kyakkyawar fuska. Tafiyar da ta haɗa da fasfo da jirgi da barin yara kwana uku ba a yi wa uwa ba-zata da ita. Ita ce ta san wanda za ta iya bar wa 'ya'yanta hankalinta ya kwanta, ita ce ta san kwanakin watan da za su fi mata daɗin tafiya, kuma tana da ɗinki da kitso da lalle da za ta so ta shirya. Na sha ganin maigida ya kashe kuɗi mai yawa, amma uwargida ta wuni riƙe da waya tana tambayar ko an ba ƙaramin yaro magani, domin an fizgo ta ne ba shiri. Ka gaya mata da sauran wata biyu ko fiye. Daɗin da za ta ji a makonnin jira, tana tambaya tana lissafi, wani babban kaso ne na kyautar da kake son yi mata. Idan lallai kana son ba-zata, ka ajiye ta a ƙaramin abu: turmin atamfa ko zobe da za ka fito da shi a daren Asabar, ko ɗaki mai kallon ruwa da ba ka faɗa mata ba.

Ka tambaye ta kuma, a fili, ko tana son shiga ɗakunan bayi. Akwai matan da tarihi ke jan hankalinsu fiye da mazajensu, akwai kuma waɗanda abin zai hana su barci. Amsarta ce za ta yanke yadda safiyar Asabar za ta kasance.

Lokaci da hanya

Nuwamba zaɓi ne mai kyau. Babbar damina a wannan gaɓa tana faɗowa daga Afrilu zuwa farkon Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙarama wajen Satumba da Oktoba. A Nuwamba ruwa ya yi sauƙi, hazon hunturu bai sauko sosai ya rufe teku ba, sannan cincirindon Disamba bai fara ba, wanda tun shekarar 2019 da gwamnatin Gana ta yi gangamin kiran 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare su zo gida ya zama lokacin tsadar masauki da cikar wurare. Akwai bukukuwan gargajiya biyu da ke cika garuruwan, Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli da Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ta farko ta Satumba. Suna da ban sha'awa ga mai son kallo, amma mai neman natsuwa da iyalinsa ya kauce musu. Zafi kuwa ba irin na Zariya ba ne, zafi ne mai gumi da danshi, don haka tufafin auduga marasa nauyi sun fi shadda mai sitati amfani.

A matsayinku na 'yan Nijeriya ba ku buƙatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta ba ku damar zama har kwana 90. Abin da ake buƙata shi ne fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin cutar shawara, ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa, na kowannenku. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka idan uwargida ba ta da katin, wannan ne aikin farko, tun kafin sayen tikiti. Daga Legas zuwa Akra tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgi, daga Abuja kai tsaye kuwa ba ta cika awa biyu ba, kuma agogon Gana yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya, wato a zuwa kun sami rarar awa guda, a dawowa za ku biya ta.

Matsalar tafiyar nan ba a sama take ba. Daga Akra (tsofaffinmu Ankara suke cewa) zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, tafiyar awa uku idan hanya a buɗe take, amma fita daga Akra ta unguwar Mallam zuwa garin Kasoa da yammacin Juma'a kan iya mayar da ita awa biyar. Sunan Kasoa ɗin nan daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, kuma cunkosonsa bai ci amanar sunan ba. Bayan shi akwai mahaɗar Winneba, sai Mankessim inda kasuwa ke cin gefen titi, sai Saltpond da Anomabo, daga nan teku ya fara leƙowa ta hannun hagu tsakanin bishiyoyin kwakwa. Ka sa uwargida ta zauna a kujerar baya ta ɓangaren hagu, domin a nan ne za ta fara ganinsa.

Shawarar da nake ba kowa ita ce, idan da hali, ku taso ranar Alhamis da yamma bayan tashi daga aiki, ku kwana a Akra, ku kama hanya bayan sallar asuba. Haka za ku isa da hantsi, ku ajiye kaya, ka sami sallar Juma'a a Cape Coast, a babban masallacin da ke wajen Kotokuraba. Idan kuwa sai ranar Juma'a za ku iya tashi, ka nemi jirgin farko na safe, kuma kada ku tsaya yawo a Akra, duk da cewa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ya cancanci ziyara. Ku bar shi sai ranar komawa. Ba na son baƙona ya bi wannan hanya da dare, saboda manyan motoci da masu wuce juna a inda bai kamata ba. Akwai motocin haya daga tashar Kaneshie da kuma bas ɗin kamfanin sufuri na STC, kuma suna da sauƙin kuɗi, amma ga mutum da iyalinsa a tafiyar kwana uku, ɗaukar shatar mota da direba ta hannun masaukinku ya fi, domin lokaci ne abin da kuka fi ƙarancinsa.

Masauki

Masauki ɗaya za ku kama na dukan kwanakin, kada ku raba dare ɗaya nan ɗaya can. Zaɓin yana tsakanin cikin gari da bayan gari. Na cikin gari yana ba ku damar fita da ƙafa ku ga gada da kwalekwale da kasul ta taga, amma sai kun haƙura da hayaniya. Na bayan gari, a gaɓar yamma, yana da shiru da fili da inuwar kwakwa, sai dai duk fita sai da mota, kuma wasu hanyoyin shiga ba su da kwalta. Ga irin buƙatarka na fi karkata ga na bayan gari wanda bai wuce tafiyar minti 20 zuwa 30 daga Elmina ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka kira su ka yi tambayoyi da bakinka, kada ka dogara da hotunan intanet. Mafi muhimmanci a ciki ita ce ko an yi hayar filinsu domin biki ko zaman makoki a wannan Asabar ɗin. A kudancin Gana ranar Asabar ake yin jana'iza, kuma jana'izarsu taro ne babba da rumfuna da manyan lasifika, mutane sanye da baƙi da ja; daren Juma'a wasu coci-coci na kwana suna addu'a da kiɗa, safiyar Lahadi kuma sai ibada. Na taɓa saukar da wasu ango da amarya a wani otal mai kyau ƙwarai ban yi wannan tambaya ba, aka wayi gari an kafa rumfuna a ƙarƙashin tagarsu, kiɗa bai tsaya ba sai bayan tsakar dare. Laifina ne, na mayar musu da kuɗin daren, amma daren kansa ba ya dawowa, kuma tun daga ranar ita ce tambayata ta farko. Sannan ka tambayi nisan ɗakin da mashaya da wurin wanka na otal, domin kusan kowane masauki a gaɓar nan yana sayar da giya, kuma baƙi na yawo da kayan wanka. Ɗaki na can ƙarshe ko na bene mai barandar kansa yana raba ku da wannan. Ka tambayi janareta, da na'urar sanyaya ɗaki, da gidan sauro. Buta kuwa ku zo da abarku.

Yadda zan raba kwanakin

Ranar Juma'a bayan la'asar kada ku sa komai a gaba sai teku. Wanda bai taɓa ganinsa ba yana buƙatar lokaci ya zauna ya kalle shi, ya saba da ƙugin da ba ya yankewa, ya cire takalmi ya bar kumfa ta taɓa masa ƙafa. Rana a nan tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a kusan dukan shekara, kuma duhu na shigowa da sauri, don haka ku fita tun ƙarfe 4 da rabi. Ka bar wayarka a ɗaki ko a aljihu.

Asabar da sassafe, wajen ƙarfe 7, ku tsaya a kan gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya a Elmina. A lokacin ne kwalekwalen da suka kwana a teku ke shigowa, dogaye masu fenti da tutoci da rubuce-rubuce a jiki, mata na jira da manyan kwanoni, ana ciniki da ihu cikin harshen Fante. A wurina wannan shi ne abin kallo mafi rai a garin, kuma ba a biyan kuɗi a kansa. Ranar Talata ce kaɗai ba a fita kamun kifi bisa al'adarsu, wadda ba ta shafi kwanakinku ba. Kada ku ɗauki hoton mutum ba tare da izininsa ba, musamman matan kasuwar kifi, kuma miƙa abu ko gaisuwa da hagu abin ƙi ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Kalmar medaase, wato na gode, tana buɗe fuskoki.

Daga gadar, kasul ɗin yana gabanku. Ku shiga da an buɗe, wajen ƙarfe 9, kafin motocin 'yan makaranta su iso kuma kafin rana ta yi zafi. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, sai a haɗa ku da jagora wanda zai zagaya da ku na kimanin awa ɗaya. Zai nuna muku tsakar gidan mata da barandar da gwamna ke tsayawa a sama yana zaɓar wadda za a kai masa, da cocin Fotugal da ke tsakiyar fili wanda Holan suka mayar wurin ciniki, da ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su kai shi gudun hijira Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles. Kasul ɗaya ya ishe ku. Na Cape Coast yana da gidan adana kayan tarihi mai kyau, kuma shi ne wanda shugaban Amurka Barack Obama ya ziyarta da iyalinsa a 2009, amma shiga biyun a wuni ɗaya nauyi ne da zuciya ba ta buƙata a tafiya irin taku. Na taɓa raka wasu ma'aurata da maigidan ya dage sai an ga duka biyun an kuma ƙara da daji a rana guda saboda kada kuɗin jirgi ya tafi a banza. Da magariba matar ba ta iya cin abinci ba, shi kuma ya yi barci a kan kujera, washegari suka kama hanya.

Idan kun fito, kada ku faɗa mota nan take. Ku hau tudun da ke fuskantar kasul ɗin, wanda ake kira St. Jago. Daga kansa ne Holan suka kafa igwa suka ci Fotugal a 1637, daga baya suka gina ƙaramin sansani a wurin domin kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Hawan gajere ne amma da tsayi, kuma a sama akwai iska da shiru, ana ganin gari gaba ɗaya: rufin gidaje, tafki cike da kwalekwale, filayen gishiri, da teku har iyakar gani. A nan ne na ga mutane da yawa sun sami bakin magana bayan shirun da suka fito da shi, wasu su yi addu'a, wasu su fara hirar iyaye da kakanni. Ku ba wurin rabin awa. Bayan haka ku koma masauki, ku yi azahar, ku ci abinci, ku yi ƙailula, kuma kada ka sa komai a sauran wunin sai cin abincin dare da za ka roƙa tun da rana a shirya muku a baranda ko a wani gefe da ba jama'a.

Lahadi tana da zaɓi. Dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma an san shi da gadojin igiya guda 7 da aka rataya tsakanin manyan bishiyoyi tun 1995, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, a wasu wurare kuma nisansu da ƙasa ya kai mita 40. Gadar tana lilo, faɗinta na mutum ɗaya ne, kuma kafin a kai gare ta akwai hawan tudu a cikin daji mai sa haki. Ma'auratan da ke son irin wannan suna dawowa da dariya da labarin da za su daɗe suna bayarwa. Idan za ku je, ku isa da an buɗe, da takalmi rufaffe, uwargida ta sa wando a ƙarƙashin abaya da hijabi marar tsawon da zai riƙa kama igiya. Idan tana tsoron bisa, ko tana da juna biyu, ko ɗayanku na da hawan jini ko ciwon gwiwa, ku bar shi ba tare da wata nadama ba. A batun lafiya kuwa maganar likitanku ce gaba da tawa. Madadinsa shi ne zagayen Cape Coast a hankali bayan an taso daga coci, ku ga tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da hasumiyar Fort William a kan tudu, ku wuce ta gaban makarantar Mfantsipim da aka kafa a 1876 wadda Kofi Annan ya yi karatu a cikinta, ku dawo bakin ruwa da la'asar.

Abinci, sallah da 'yan'uwa na zango

Ba za ku yi kewar gida sosai ba, domin kusan kowane babban gari a Gana yana da zango, kuma Hausa ce harshen zango. Asalin waɗannan unguwanni fatake ne da malamai, da kuma sojojin Hausa da Ingilishi suka kawo daga Legas a lokacin yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874. Hausarmu za ta ɗan ba ku dariya, mun sassauta bambancin namiji da mace a magana, mun kuma ari kalmomin maƙwabta, amma za ku fahimci juna sarai. Da safe akwai koko da ƙosai, akwai waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, sunan ma daga wake ya fito. Akwai tuwon zafi, da dare kuma masu tsire, wanda a nan ake kira cicinga.

A otal da gidajen abinci na cikin gari, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ku tsaya a kan kifi, kuma ba asara kuka yi ba, domin kifin da aka fito da shi da safe ne. Ku ɗanɗana dokunun Fante, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito, da kuma miyar ɗanyen kifi da manja da suke kira fante-fante. Ana cin naman alade a wannan yanki, don haka kafin ku karɓi miya ko soyayyar shinkafa ku tambayi abin da ke ciki da man da aka yi amfani da shi. Nama da kaza kuwa ku bar su sai a hannun mutanen zango. Ruwan sha na gora kawai. Alƙibla daga wannan gaɓa gabas ce mai karkata zuwa arewa, wato idan ka fuskanci teku, tana hannun hagunka da ɗan komawa baya. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana yin ƙasaru, kuma tafiyarku ta shiga ciki, amma ƙarin bayani a kan haka na malaminku ne.

Gargaɗi a kan ruwan

Wannan teku ba kogin Galma ba ne. Igiyarsa tana da ƙarfi, ƙasansa na zurmawa kusa da gaɓa, kuma akwai jan ruwa ta ƙasa da ke kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum ya ja shi ciki, ga shi mafi yawan wurare babu masu ceto. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce idon sawu, kada ya juya wa igiya baya domin ɗaukar hoto, kada kuma ya hau duwatsun da ruwa ke duka. Doguwar riga idan ta jiƙe tana nauyi tana naɗe ƙafa, don haka ka riƙe hannunta duk lokacin da kuka matsa kusa. Idan masunta ko ma'aikatan masauki suka ce yau ruwa ba kyau, ku tsaya a kan busasshen yashi. Tayin shiga kwalekwale zuwa cikin teku ba tare da rigar kariya ba kuwa, ku yi godiya ku wuce.

Kuɗi da komawa

Ba zan yanka maka adadi ba, domin farashin tikiti da canjin naira da sidi suna motsi tsakanin wata da wata, kuma lissafin da na ba ka yau zai iya ɓatar da kai a Nuwamba. Abin da ba ya sauyawa shi ne jerin nauyin: jirgi ne ke cin kaso mafi girma, sai masauki, sai mota, abinci da kuɗin shiga wurare kuwa ƙanana ne. Idan dole a rage wani abu, ka rage yawan wuraren zuwa, ka bar ɗaki mai kyau da mota mai lafiya yadda suke. Ka zo da dala ka canza a wurin canji mai lasisi a Akra, ka riƙe sidi a hannu da ƙananan takardu saboda tasi da kasuwa, domin katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje. Tasi a can iri biyu ne, na haɗaka da na shata wanda suke kira dirofin, kuma ana gama ciniki ne kafin a shiga. A ƙofar kasul samari za su tambayi sunanku, ku fito ku tarar an rubuta shi a kan ƙwaryar dodon koɗi ana neman kuɗi. Idan ba ku so, kada ku ba da suna tun farko.

Ranar Litinin ka sayi tikitin jirgin yamma, kada ka yarda da na safe. Shiga Akra ta Kasoa da safiyar Litinin ya fi fitar Juma'a wuya, domin duk ma'aikatan da ke kwana a bayan gari a lokacin suke kwarara ciki. Ku karya kumallo a natse, ku sake taka yashi, ku bar Elmina wajen ƙarfe 9, sai ku iske hanya ta saki. Hakan zai ba ku damar yin azahar a masallacin Kanda, ku ci waakye a Nima da ke kusa da shi, uwargida ta sayi tsarabar yara da cakulan Gana da ɗan ƙyallen kente, saƙar gargajiya ta Gana, ku isa filin jirgi da sauran awa uku.